Shaidar da ba ta barci

Duk wanda ya taɓa kwana a Agege ko Mushin ya san daren Legas ba shi da shiru. Da an ɗauke wuta sai janareta ya amsa daga kowane gida, leburan da zai yi sammako ya kwana yana juyi bisa tabarma. In ya yi magana, maƙwabci ya rantse injinsa ba ya damun kowa. To, wa zai raba gardama?

Doka kam akwai ta. Hukumar kare muhalli ta jihar, wato LASEPA, ta ƙayyade wa unguwannin zama desibel 55 da rana, 45 da dare. A 2016 ma ta rufe coci 70 da masallatai 20 saboda ƙara. Amma ma'aikaci yakan iso da ma'auninsa da hantsi, bayan an kashe abin da ake kuka da shi.

A nan ne 'yar na'urar auna ƙara za ta yi rana. Makirfo ne da batir da faifan sola, ɗaure a jikin turken fitila. Rana ta cika batirin, ita kuwa ta kwana tana awo, tana aika lissafi ofis ta layin waya. Dole ta dogara da hasken rana, domin wadda ta jingina da wutar gari za ta mutu ne daidai lokacin da janareta ke tashi.

Sai dai fa ƙurar hunturu takan lulluɓe faifan. Tilas wani ya hau tsani ya goge, kuma ladan wannan mutumin sai an sa shi cikin kasafi.