Abin da Magagari Ya Ci

A Zabori, cikin jihar Doso, ba nisa da iyakar Najeriya, akwai wani tsoho maƙerin fari. Ba ya ƙira kwashe ko gatari, wannan aikin maƙeran baƙi ne. Shi nasa zobe, munduwa da ƴan kunne.

Bayan kaka, wata Bafillata ta kawo masa tsofaffin kuɗin azurfa guda 2, gadon uwarta. Irin masu hoton mace ne, sarauniyar Ostiriya, da 1780 rubuce a kansu. Ko wanda aka buga daga baya, wannan shekara ce a jikinsa. Kowane guda nauyinsa giram 28 ne. Ɗiyarta za ta yi aure, munduwa take so.

Tsoho ya ɗora kuɗin a ma'auni, ya yi ta zuba tsakuwa har suka daidaita. Ya ƙulle tsakuwar a tsumma ya ba ta.

"Inna, riƙe wannan. Ranar karɓa da ita za mu auna."

Ya narka azurfa, ya zuba, ya buga, ya lanƙwasa. Munduwa ta fito, amma da kaushi da ƙuraje. Ba mai sa wa amarya irin wannan. Sauran aiki na magagari ne.

Magagaransa huɗu. Akwai mai faɗi mai manyan haƙora, na sassaƙa. Akwai mai bayan kunkuru, na cikin munduwa. Akwai mai kusurwa uku, na zane. Sai ɗan siriri kamar basilla, mai shiga lungu. Daga Gaya yake sayo su, kuma ba ya barin ɗaya ya gogi ɗaya cikin jaka, don haƙora kan dakushe.

Ya miƙa wa ɗansa aikin, ya tafi jana'iza. Yaro da gaggawa. Ya ɗauki babban, ya danna, yana kai da kawowa kamar mai dirzar wanki. Ga kuskure: magagari in an tura shi gaba yake ci. In za a dawo, sai a sassauta hannu. Kuma azurfa taushi gare ta, ba ta son ƙarfi. Kafin la'asar gefe ɗaya ya rame. Abin da ya fi muni, bai shimfiɗa fata ba. Garin azurfa ya zube cikin ƙasa.

Tsoho ya dawo, ya juya munduwa a hannu, ya daɗe bai ce kome ba.

"Baba, ai ta yi santsi."

"Ta yi. Ina abin da ka cire? Na mai shi ne, ba namu ba."

Masaba in ta yi ɓarna, a mai da ƙarfe wuta a gyara. Magagari kuwa ba ya mayarwa, ragewa kaɗai ya sani.

Suka share ƙasar wurin cikin ƙwarya. Suka wanke da ruwa a hankali, yashi ya tafi, azurfa mai nauyi ta kwanta. Tsoho ya bi da mayen ƙarfe ya tsince ɓarɓashin baƙin ƙarfe, don azurfa ba ta bin maye. Har haƙoran magagari ya kakkaɓe da guntun jan ƙarfe. Abin da ya taru ya narka, ya yi ɗan zobe.

Da kansa ya ƙarasa munduwar. Ya shafa alli a ƙaramin magagari don kada ya toshe, yana turawa sannu, yana shafawa da babban yatsa. Ido kan ruɗe, yatsa ba ya ruɗewa. Ya wanke ta da ruwan tsamiya, ta yi fari.

Ran kasuwa Bafillata ta zo da tsummanta. Munduwa da zobe gefe guda, tsakuwa gefe guda. Tsakuwa ta ɗan rinjaya. Tsoho ya faɗa mata yadda aka yi, ya rage rabin ladansa. Ta ƙirga kuɗi ta ba shi, ta ɗaure kayanta a bakin zane.

Yaron, sati uku aka hana shi taɓa azurfa. Tsohon cokali aka ba shi, da fata shimfiɗe a cinya.