Takardar Da Ba Ta Da Suna

Shekara goma sha bakwai ina koyar da lissafi a makarantun sakandare. A Shinkafi na fara, aka mai da ni Zurmi, daga bisani na dawo gida Ƙaura Namoda. A duk tsawon wannan lokaci tambaya ɗaya na saba yi wa ɗalibai, wato "Kun gane?" Su kuwa su amsa baki ɗaya, "Mun gane, Malam!" Sai in goge allo in wuce gaba, zuciyata wasai.

Wanda ya tsikare ni wani tsohon ɗalibina ne da ke karatun lissafi a jami'a. Da ya zo gaishe ni da hutun sallah, muna zaune a zaure ya ce wani malaminsu yakan raba musu 'yan ƙananan takardu a ƙarshen lacca, kowa ya rubuta abin da ya shige masa duhu, ba tare da ya sa sunansa ba. In an sake haɗuwa, da waɗannan takardu malamin ke buɗe darasi.

Na ce, "Kai yaro, mutum da digirin digirgir ya zauna yara su yi masa gyara?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Malam, ajinsa ne kaɗai ba a neman wanda ya tsere."

Maganar ta kwana a raina, domin kuwa ta tuna mini da abin da muka karanta lokacin da nake yin difloma a fannin ilmi. Wani Ba'amurke, Donald Schon, ya wallafa littafi a 1983 inda ya nuna cewa gwanin sana'a yakan yi nazarin aikinsa sau biyu: yana cikin yi, da kuma bayan ya gama. Na haddace wannan, na ci jarrabawa da shi, amma ban taɓa shiga aji da shi ba.

Ajin da nake riƙe da shi a lokacin ya sha wuya. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe makarantu saboda sace ɗalibai, yara suka yi watanni a gida, wasu ma iyayensu suka baro ƙauyukan Zurmi da Shinkafi suka raɓe a Ƙaura. Ga jarrabawar WAEC da NECO na tafe, kuma kowa ya sani wanda bai sami kiredit a lissafi ba, ƙofar jami'a ta yi masa nisa, haka ma ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke garinmu tun 1983.

Wata Alhamis na yayyaga tsakiyar littafin rubutu na raba musu. Da dare na kunna fitila na zauna karantawa. Wasu sun yi yabo, wasu sun roƙi a soke aljabara ɗungurungum. Can sai na ci karo da wata da aka rubuta da Hausa: "Malam da allo yake magana. Mu ƙeyarsa muke gani. In mun ce mun gane, tsoro ne."

Ba zan ɓoye muku ba, 'yan'uwa, raina ya ɓaci. Har na jawo littattafan aikin gida ina gwada rubutu don in gano mai wannan tsaurin ido. Uwargida ta leƙo ta tambayi abin da nake nema, na karanta mata. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To, Malam, ƙarya aka yi maka?" Na mai da littattafan inda suke. Lallai laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

Abin da na sauya ba shi da yawa. Na daina tambayar "Kun gane?" Sai in ba da lissafi ɗaya in zaga ina duba hannun kowa. Na kuma fara shigowa da kasuwa cikin aji. Na ce musu mudu 2 na gero da mudu 1 na wake naira 4,400, mudu 1 na gero da mudu 1 na wake naira 3,200, nawa ne kowanne? Kafin in juya wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta ce gero 1,200, wake 2,000. Na ce ta yaya? Ta ce bambancin cinikin biyu ai mudun gero ne guda. Na rubuta mata shi da x da y, na ce ga abin da ta yi. Ta daɗe tana kallon allon. Mahaifinta ya riga ya faɗa cewa in ta faɗi jarrabawa karatu ya ƙare, aure za a yi. Ban san ko ita ta rubuta waccan takarda ba, ban kuma bincika ba.

Amma fa ba duk abin da ɗalibi ya faɗa ake bi ba. Aljabara tana nan, ban soke ta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, sai dai ba lallai ne ya san yadda ake yaɓe ba. Ɗalibi ya nuna wurin, gyaran na malami ne.

Na kawo wannan labari mujallarmu ne don na lura cutar ba ta malamai kaɗai ba ce. A taron karatu mukan karanta gajeren labari mu ce, "Yaya kuka ji?" a ce, "Madalla!" mu naɗe takarda mu tafi gida da fara'a. In wani ya ce tsakiyar labarin ta yi sanyi, sai mu riƙe shi a zuci, alhali gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A zama na gaba ina roƙon a raba 'yan takardu, a fara da nawa rubutun.

Waccan takarda kuwa tana cikin aljihun jakata har yau. Allah ya ba mu kunnen sauraro, amin.