Yaron da ya faɗaɗa rumbun na'urarsa

A shekara ta 1996, a wani gari na ƙasar Faransa, akwai wani yaro ɗan lise mai shirin jarrabawar bak. Uwarsa ta yi wata da watanni tana tara kuɗi. Daga baya ta saya masa na'urar lissafi mai suna HP 48G. Wannan na'ura ta fi ƙananan da ake gani hannun masu kanti. Tana da gilashi mai ɗan faɗi. In an ba ta lissafi, sai ta zana shi: layi ya hau, ya sauka, ya lanƙwashe. Kuma mutum na iya rubuta mata umurni, ta ajiye, ta riƙa bi.

Amma ma'ajiyarta ƙarama ce. Ana auna ma'ajiyar na'ura da okte. Okte guda na ɗaukar harafi guda. HP 48G, wadda ta fito a 1993, tana da kilo-okte 32, watau wurin harafi wajen dubu 32. Yayarta, HP 48GX, tana da kilo-okte 128, har da ƙofa biyu na sa katin ƙari. Sai dai kuɗinta sun fi ƙarfin gidansu.

Kafin wata uku rumbun yaron ya cika. In zai zuba sabon abu, dole ya zubar da tsoho. Abin ya dame shi ƙwarai.

Wata rana wani abokinsa ya miƙo masa takarda da zane a jiki. Takardar ta nuna cewa ma'ajiyar duka wata ƴar baƙar ƙwaya ce, mai ƙafa 28, manne cikin cikin na'urar. In an cire ta, aka sa wata mai ƙafa 32, wuri zai ninka har sau huɗu. Dalili kuwa shi ne: kowane okte yana da ɗakinsa, kuma wayoyi ne ke nuna lambar ɗakin. Waya guda in ta ƙaru, yawan ɗakuna ya ninka biyu. Tsohuwar ƙwaya tana da irin waɗannan wayoyi 15, sabuwar tana da 17. Biyu sau biyu, huɗu ke nan.

Yaron ya sayi sabuwar ƙwaya da kuɗin da yake ajiyewa. Ya tafi wurin wani tsoho maƙwabcinsu, mai gyaran radiyo da tele.

Ya ce: «Mushe, ku ara mini ƙarfenku na narka dalma.»

Tsohon ya dube shi, ya ce: «Yarona, ka taɓa riƙe shi?»

«A'a, Mushe.»

«To, ba a koyon aski a kan sarki.»

Sai ya jawo wata matacciyar radiyo, ya aza masa bisa tabur. Mako biyu cur, kowane maraice, yaron na cire ƙwayoyin radiyon yana mayarwa. Ya ƙone yatsa. Ya koyi cewa dalma ba ta son gaggawa, kuma zafi in ya daɗe yana kashe ƙwaya. Ya koyi taɓa ƙarfe kafin ya taɓa ƙwaya, don ɗan tartsatsin nan da kan tashi daga bargo lokacin sanyi ya isa ya lalata ta.

Ranar aiki ta zo. Irin wannan ma'ajiya tana mance kome da zarar wuta ta yanke. Saboda haka ya fara tura duk abin da ya rubuta cikin na'urar abokinsa, ta hanyar wani haske da ido ba ya gani. Sannan ya cire pil ukun. Buɗe na'urar ma aiki ne, don ba a yi ta domin a buɗe ba: an narka roba aka kulle ta. Kuma ya san wanda ya buɗe, garantinsa ya mutu. In ta lalace, babu kuɗin wata, ga jarrabawa saura wata biyu.

Ƙafafun ƙwayar siraruwa ne, daga ƙafa zuwa ƙafa bai kai milimita guda da rabi ba. Ya cire tsohuwar. Ya aza sabuwar, ya bi ƙafa 32 ɗaya bayan ɗaya, zufa na karyo masa. Ya mayar da pil, ya danna.

Gilashi bai nuna kome ba.

Ya sake dannawa. Shiru. Daren nan bai iya cin abinci ba. Ya yi tunanin ya ce faɗuwa ta yi. Amma da ya ga uwarsa ta komo daga aiki a gajiye, sai ƙaryar ta ƙi fitowa.

Ya ce: «Mama, na buɗe ta da hannuna. Yanzu ba ta tashi.»

Uwar ta daɗe ba ta ce kome ba. Can ta ce: «Wanda ya kwance, shi ke ɗaurewa. Gobe ka koma ka duba.»

Da safe tsohon bai karɓi na'urar ba. Madubin ƙara girma kawai ya ba shi, ya ce: «Ƙirga.» Yaron ya bi ƙafafun a hankali. Wajen ƙarshe ya ga wani ɗan ɗigon dalma, bai kai ƙwayar gero ba, ya gama ƙafa biyu da bai kamata su gamu ba. Ya aza zaren jan ƙarfe a kai, ya sa zafi, zaren ya tsotse ɗigon.

Ya danna. Gilashi ya yi rubutu. Ya tambayi na'urar wurin da ya rage, ta nuna okte sama da dubu 120. Yaron ya yi tsalle har kujera ta faɗi.

Tsohon ya yi dariya, ya ce: «Rumbu ya yi girma. Ina hatsin?»

Gaskiyarsa. Har ranar jarrabawa yaron bai cika ko rabin wurin ba. A ɗakin jarrabawa kuma na'urar ta zana layi, amma bayanin dalilin layin, shi ya rubuta shi da kansa.

A 1998 kamfanin ya fito da HP 48G+, mai kilo-okte 128 tun daga kanti. Yau kuwa ƙaramar wayar hannu ta fi ta wuri sau dubbai. Duk da haka mutumin bai yar da tasa ba. Tana nan cikin akwatinsa, da tabon buɗewa a gefenta. In wani abu ya lalace a gidansa, ba ya gaggawar jefarwa. Yakan kunna fitila, ya ɗauko madubi, ya fara ƙirga.