Kuɗin Zane

A ƙasar Hausa maɗinki yana da farashi, marini yana da nasa, amma mai zane ya daɗe ba shi da ko ɗaya. Babbar riga mai aska takwas, kafin allura ta taɓa ta, sai wani ya fitar mata da fasalin aikin da tawada. Sau da yawa malamin allo ne, wanda hannunsa ya saba da alƙalami da zayyana. Abin da ake miƙa wa malami kuwa goro ne ko sadaka: ba a tayawa, ba a cewa albarka.

Wannan gadon ne wani saurayi na Sarkin Yamma ya taras lokacin da ya gama lise, aiki bai samu ba, ya koyi tsara katin biki da allon shago a kan kwamfuta. Aikinsa na farko katin auren ɗiyar kawunsa ne. Ya kwana uku yana jera haruffa, yana neman rubutun da bai rasa ƙ da ɗ da ƴ ba, don kada sunan amarya ya fito gurgu.

«Nawa ne aikin naka, ɗana?»

«Haba kawu, ai babu ciniki tsakaninmu. Abin da ya sauwaƙa.»

Abin da ya sauwaƙa jika biyu ne da addu'a. Da ya fidda kuɗin kabu-kabu zuwa Maraɗi da dawowa, da na takarda, da na mai bugawa, sai ya ga da aljihunsa ya cika. Kwana ukun nan ba su shiga lissafin kowa ba, har nasa. Mutane suna biyan abin da hannu ke taɓawa. Takarda tana da nauyi, tunani ba shi da shi.

Asarar jika ɗaya ba ta kashe sana'a. Haɗarin yana wani wuri: a garin da kowa ya san kowa, farashin farko yakan zama doka. Kafin a watse daga ɗaurin aure an ji cewa yaron gidan wane jika biyu yake yi. Takarda da tawada kuwa ba su san wannan doka ba. Kaya masu yawa na kasuwar Maraɗi daga Kano da Katsina suke shigowa, ta Jibiya da Ɗan Isa. Da Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019, da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023, lokacin da aka haɗa har da yanke wutar lantarki, kuɗin kowane aiki sai da ya motsa. Jika biyun nan dai tana nan daram a bakin jama'a.

Ƙungiyoyin al'adu ma, a faɗi gaskiya, ba su kuɓuta ba. Sukan ware kuɗin kujeru, da lasifika, da makaɗa, da abincin baƙi, sannan su tuna da sanarwar taro, su nemi yaron da zai «taimaka».

Irin wannan ƙungiya ce ta zo masa daga baya. A wannan karon ya rubuta lissafinsa gida biyu, kuɗin kaya daban, kuɗin hannu daban. Gyara sau biyu kyauta, na uku da biya. Don neman rabin kuɗin tun kafin ya fara, bai yi aron kalma ba: cewa ya yi a ba shi kafin alƙalami, kamar yadda ake ba malamai. Shugaban ƙungiyar, wanda ya karantar da shi tun yana firamare, ya daɗe yana duban takardar.

«Kai ma ka zama ɗan kasuwa ke nan?»

«Gafarta malam, ku kuka koya mini lissafi.»

Malam ya rage jika guda, ya ce sauran sai bayan taro. Rabin dai ya ƙirga masa a nan take, ya kuma sa ya rubuta takardar shaida da Faransanci, domin ma'aji.