Karya Mai Geza a Damagaram

Kalmar da Faransawa suke kiran irin wannan kare da ita, wato lévrier, daga lièvre ta tsiro, sunan zomo a harshensu. Karen zomo ke nan. Mu ma a ƙasar nan muna da namu, domin duk wanda ya taɓa ratsa Azawak, arewa da Tawa, ya ga siririn karen nan na Abzinawa da suke kira oska, mai dogayen ƙafafu, ciki a ɗame, gashi kamar an aske. Tun farkon shekarun 1970 Turawa suka fara kwasar irinsa zuwa ƙasashensu. Waɗannan karnuka da ido suke farauta, ba da hanci ba: su hango, su bi, su cimma. Wadda take gidana ƙirarsu ɗaya, sai dai asalinta duwatsun Afganistan ne, inda ake ce da su tazi. Shi oska Allah ya ɗinka masa riga daidai da zafin ƙasarsa, ita kuwa ya lulluɓe ta da bargo saboda sanyin wata ƙasa, sannan rabo ya kawo ta Damagaram.

Ba sayen ta na yi ba, albashin malamin lise bai kai nan ba. Ƙanen mai ɗakina gadi yake yi a gidan wata Baturiya a Yamai. Da aka kwashe Turawa da gaggawa a farkon watan Agusta na 2023, bayan juyin mulki, sai ta bar masa karyar amana. Shi kuwa ɗaki guda yake haya, don haka ya ɗoro ta bayan motar kaya, tafiyar kilomita wajen 900, ya sauke mana ita gashi duk a cukurkuɗe. Yara suka sa mata suna Geza.

Mai karatu, in ba ka taɓa taje irin wannan gashi ba, da wuya ka yarda cewa aiki ne. Laushi gare shi kamar siliki, yana zuba daga haƙarƙari har ya kusa share ƙasa, a gadon baya ne kawai yake gajere. Ba a taje shi a bushe, karyewa yake yi. Sai an kwantar da ita gefe guda, a yayyafa ruwa, a ɗaga gashin sama, a riƙa sauko da shi sahu-sahu, kowane sahu mataji ya taso daga fata har zuwa bakin gashi. Wanda ya goge sama kawai ya ga sheƙi ya tashi, ya bar ɓarna a ƙasa, domin ƙullin a jikin fata yake farawa, musamman bayan kunnuwa da hammata da tsakanin yatsu. In aka bar shi mako biyu sai ya dunƙule kamar tabarma, ya riƙa jan fata, gyambo ya buɗe a ƙarƙashinsa, kaska kuma ta sami ɗakin kwana. Kunnuwan ma da nasu sha'ani: in za ta ci tuwo sai mun zura mata hannun tsohuwar riga a ka, ya riƙe su baya, in ba haka ba da miya za su fito.

Babbar abokiyar gabarmu ƙarangiya ce. Da kaka, fita guda bayan gari ta isa ta dawo da ita ƙafafu huɗu kamar an yi musu ado. Mataji ba ya cire ƙarangiya, sai yatsa da ɗan man gyaɗa da haƙuri, ɗaya bayan ɗaya. Ƴata ta fari, wadda ta iya tsefe kitso, ta fi ni gwaninta nesa ba kusa ba. Ran nan mahaifiyata ta same mu a kai, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce: “Ɗan nan, yau na ga abin da ya ishe ni. Kare da makitsiya, alhali ƙannenta kansu a tsefe tun shekaranjiya!” Na ce: “Inna, amana ce.” Ta ce amanar da ke shan ruwan bido biyu sai a sake dubawa.

Nan kuwa ta taɓa inda ke ciwo. Ƙishirwar Damagaram ba baƙuwa ba ce, tana cikin dalilan da ake bayarwa na mayar da babban birnin ƙasa Yamai a 1926, kuma har yau in famfo ya ɗauke ƴan ga-ruwa ne sarakai. Wankan Geza guda yana cin lita hamsin, don in sabulu ya saura a gashin ƙaiƙayi yake sa ta. Littattafan Turawa na cewa a yi wanka kowane mako. Mu sau biyu muke yi a wata, a cikin babban daro, ruwan ɗauraya kuma mu juye wa dogon yaron tsakar gida. Duk da haka ba na jin daɗin ranar da maƙwabciya za ta shigo roƙon guga guda ta tarar da mu muna wanke kare.

Sai maganar addini, wadda limamin unguwarmu ya tare ni da ita bayan la'asar. Na ce: “Allah gafarta Malam, ai a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai ibada ce kawai.” Ya ce: “Haka ne, Mushe, amma Risala ta hana ajiye shi a gida sai don tsaron gona ko dabbobi, ko farautar neman abinci. Taka wanne take yi?” Masu sharhi sun ruwaito cewa shi kansa mai Risalar, Ibn Abi Zaid, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, amma tawa katangar lafiyarta lau, kuma Geza ba ta cika haushi ba balle ta tsare tumakina biyu. Abin da na iya faɗa masa shi ne, in na kore ta titi, gashin nan da zafin nan za su kashe ta kafin wata guda. Ya yi shiru, ya ce a ware mata rumfa da kwanonta, kada ta shiga ɗaki. Haka muke yi.

Halinta ma abin nazari ne. Wani masani, Stanley Coren, ya jera karnuka bisa saurin bin umarni a littafinsa na 1994, ya sa irinta a ƙarshen sahu. A matsayina na malami na san irin wannan ɗalibi: ya ji tambayar sarai, amsawar ce bai ga dalilinta ba. In na kira ta, sai ta dube ni ta saman dogon hancinta kamar gimbiyar da bafade ya yi wa katsalandan. Amma ka sake ta da asuba a fili ta hango zomo, a nan za ka ga abin da aka halicce ta dominsa. Gashin ya tashi baya kamar tuta, tana juyawa tsakanin duwatsu ba tare da ta rage gudu ba, kira kuwa ba ya shiga kunnenta sai ta gama.

Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, likitan dabbobin da ke yi mata allurar haukan kare kowace shekara ya ce a rage gashin, amma kada a kai fata, don rana ƙone ta za ta yi. Muna barin kamar tsawon ɗan yatsa, ta wuni kwance kan jiƙaƙƙen yashi kusa da randa. A wannan kamar ce wani mafarauci ya gan ta, ya gane ƙirar nan take, ya biyo ni har gida yana roƙon a haɗa ta da karensa, ya ce ƴaƴan ba za su bar zomo a dajin nan ba. Na tambaye shi wa zai riƙa taje su in sun gado uwarsu. Ya ce shi bai taɓa mallakar mataji ba.