Bango Ba Ya Faɗuwa Sai Ya Tsage

Ya ku 'yan makaranta, ni mazaunin Tudun Wada ne, ganuwar birnin Zazzau kuwa ba ta da nisa da mu. Na daɗe ina tambayar kaina, yaya aka yi baƙi 'yan ƙalilan suka mallaki ƙasa mai ganuwa da dubban mahaya? Amsar ba ta fito mini sosai ba sai da na karanta labarin mutanen Aztek na ƙasar Meksiko.

A 1519 wani mutumin Sifen, wai shi Kotes, ya sauka a gaɓarsu da mayaƙa ba su kai dubu ba, da dawaki 16. A 1521 babban birninsu, Tenocitilan, ya faɗi. Kada ku ce bindiga kaɗai ta yi wannan aiki. Cutar agana ta shiga birnin a 1520 ta yi ɓarna mai yawa. Mutanen Tilaskala kuma, da yake sun daɗe suna gaba da Aztek, suka ba Kotes dubban mayaƙa.

To, ku dubo gida. A 1902 Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, ya matsa wa ƙasar Zazzau da hari. Sarkin Zazzau Kwasau ya nemi taimakon Turawa. Suka zo suka kawar da Nagwamatse, amma suka zauna. Ba a daɗe ba aka kama Kwasau aka kai shi Wushishi, a 1903 aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi. Daga nan Zariya Kanar Molan ya tashi ya ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903. Sojansa wajen 700 baƙar fata ne, da Hausawa da yawa a ciki, Turawan ba su kai 50 ba. A watan Maris aka ci Sakkwato, a Yuli Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi.

Ban ce labarin biyu ɗaya ne ba. Mutanen Sifen sun rushe birnin sun gina nasu a kansa, sun ƙone littattafai, sun yi mulki shekara 300. Ingilishi kuwa sun bar sarauta da alƙalai, suka yi mulki ta hannun sarakuna har 1960. Amma ƙofar da aka shigo ta ita iri ɗaya ce: maƙwabci ya cuci maƙwabci, har wanda aka cuta ya ga gara baƙo.

Don haka ni ba na gaggawar zargin Kwasau. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Tambayar da ta fi nauyi ita ce, wa ya tura shi cikin ruwan?

Ku da za ku riƙe ƙasa gobe, in an ba ku iko, ku dubi wanda ke ƙarƙashinku. Ran da ya fi jin tsoronku bisa ga tsoron baƙo, ran nan bango ya tsage, ƙadangare kuwa ba ya jiran sallama. Allah ya kiyashe mu, amin.