Jinyar Iyayen Wasu: Wasiƙa Daga Tsibirin Luwis

Zuwa ga Yaya,

Yaya ƙafar Inna? Yaya kuka ji da aikin kaka? An ce wake ya yi kyau bana, gero ne bai kai na bara ba. Allah Ya sa albarka a abin da ya shiga rumbu.

Na saurari saƙonka har ƙarshe, har inda ka sassauta murya ka ce dattawa na tambaya a ƙofar masallaci, wai wane irin aiki ne wannan da mutum ba shi da gari ɗaya, Kawu kuma ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuta. Ka karanta wa Inna abin da ya dace ta ji.

Aikin dai jinya ce, irin wadda na koya a Kano. Da na cika shekarun da biza ta ɗaure ni da asibitin da ya kawo ni Ingila, na samu takardar zama, sai na shiga wani kamfani mai tura nas duk inda hannu ya yi ƙaranci. Wani wurin makonni, wani wurin watanni, daga nan a ɗaure jaka. Yanzu ina Sitonowe, babban garin tsibirin Luwis, can arewa maso yammacin Sikotilan. Daga garin Ulaful zuwa nan sai an yi kusan awa biyu da rabi a jirgin ruwa. A bakin aiki kuwa, awa goma sha biyu ake yi a tsaye. Kuɗin awa ya fi na ma'aikacin dindindin, amma ranar da ka kwanta ciwo ko aka soke aikin, ko sisi. Kullum kai ne baƙo. Ba ka san inda makullin akwatin magani yake ba, ba ka san likitan da za ka tasa da dare ba, a wasu wuraren kuma gadajen da kowa ke gudu su ake ajiye maka. Na taɓa haɗuwa da mara lafiyar da ya dubi fatata ya ce a kira masa wani. Na kira masa.

Kai ka fi ni sanin abin da ya fitar da ni. Daga gidanmu har Dambatta ba ka ganin gonar da aka bari ta huta. Gandun da Baba ya bari, in aka raba mana, ba wanda hatsinsa zai kai shi damina. Albashina na gida kuwa, in na sayi masara na biya kuɗin mota, ya tafi. Da kuɗin nan aka fanso gonar da aka jinginar, da shi ake sayen takin zamani, da shi yara ke makaranta. Kakanninmu ma sun yi ci-rani, sun je Kurmi, sun je Gwanja. Na san za ka ce su da hadari ya fara haɗuwa suna gida da fartanya a kafaɗa. Gaskiya ne, kuma abin na cina. Tun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ma'aikatan lafiya suka yi wa ƙaranci, ta sake sa ta a 2023, don haka ƙa'idar mutanen nan ta hana su zuwa ɗibarmu, sai wanda ya nema da kansa. Ni da kaina na nema. In na tuna ɗakin maza da na baro, gadaje cike, nas ɗaya da fitilar waya, barci ba ya zuwa da wuri.

Amma Yaya, bari in gaya maka abin da har yau ya ƙi kwanta mini a rai. Mutanen nan suna kai iyayensu gidan tsofaffi su baro su. Ba marasa haihuwa nake nufi ba, ba mabarata ba. Uwa ce da ta haifi huɗu, kowa da gidansa da motarsa, har da ɗakin kare. Na yi aiki a irin gidajen nan a arewacin Ingila. Wuri fes, ga ɗumi, ga abinci sau uku, kowa da ɗakinsa da talabijin. An liƙa wa kowa suna a wuyan riga don kada wanki ya haɗe. A bakin ƙofa akwai littafin da mai ziyara ke sa hannu. Sai ka buɗe ka tarar da tsohuwar da tun Kirsimeti ba wanda ya rubuta sunanta. Wai sai an yi waya an sa rana kafin a zo gaida uwa! Kuma ba kyauta ba ne. A Ingila, wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya wa kansa, har takan kai a sayar da gidan da ya goyi 'ya'yan a ciki don a biya baƙi su yi masa wanka.

Wani tsoho ya cika a hannuna da asuba. Tun dare na buga wa ɗansa na ce jiki ya yi tsanani. Ya yi mini godiya cikin ladabi, ya ce yana da taro da safe, zai zo in an tashi. Ni da wata 'yar Filifin muka rufe masa ido, muka wanke shi, muka ɗaura masa takardar suna a hannu, ita kuma ta buɗe taga kamar yadda tsofaffin ma'aikatan ƙasar nan ke yi. Ba kuka, ba maƙwabci, ba tabarma a ƙofar gida. Kafin mako ya zagayo an tattara kayansa cikin baƙaƙen ledoji an gyara ɗakin don mai shigowa. Gawa kuwa sai ta yi mako biyu ko uku a firji ana jiran ranar da ta yi wa kowa daidai, sannan fiye da uku cikin huɗu ƙona su ake yi. Wanda ba shi da kowa, ƙaramar hukuma ce ke rufa masa asiri. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A 2018 har minista gwamnatinsu ta naɗa don kaɗaici. Minista guda, Yaya, don mutane sun rasa mai ce musu ina kwana!

Don Allah ka ja wa yaranmu kunne. Duk yaron da ya fara yatsina fuska in kakarsa ta aike shi, a tsawatar masa tun yanzu. Su waɗannan ma ba rana ɗaya suka wayi gari haka ba. Daga "ba ni da lokaci" aka fara.

Ba zan ce ba su da abin kirki ba, don Allah zai tambaye ni. Tun 1948 suka kafa tsarin lafiyarsu na NHS, kuma ban taɓa jin an ce wa ɗan'uwan mara lafiya je ka sayo safar hannu da ruwan ƙari kafin a taɓa shi ba. Magani mai ƙarfi sai nas biyu sun ƙirga sun sa hannu. Babban likita kan durƙusa gefen gado ya nemi izini kafin ya ɗaga rigar tsohuwa. In kuskure ya faru, a gaya wa mai shi, a ba shi haƙuri, a rubuta. Duk shekara uku sai na nuna wa hukumar ma'aikatan jinya cewa ban daina ƙaro ilimi ba, in ba haka ba a cire sunana. To, wannan amana ce, mu ma an karantar da mu ita tun a makarantar allo, abin takaici a ce sai a nan na ganta tana aiki. Amma dai tsari ba zai taɓa zama ɗa ba.

Sai kuma tsibirin nan ya zo ya dagula mini lissafi. Mutanensa masu ƙananan gonaki ne da tumaki, da masunta, da masaƙa. Ran Lahadi yawancin kantuna a rufe suke. Tsofaffinsu in ruɗewa ta kama su sai Turancin ya gudu, su koma harshen iyayensu, Galik, ni kuma in tsaya ina neman mai fassara. Na ga jana'izarsu da idona: maza sun jeru a titi cikin iska da ruwa suna karɓar gawa hannu da hannu, kowa ya ɗauka ya ba na bayansa, kuma binnewa suke yi. Na daɗe a tsaye ina kallo. Har ɗan masallaci akwai a garin, an buɗe shi a 2018, nan nake Juma'a in ba na aiki.

Na tambayi abin da ya sa tsofaffi suka rage su kaɗai a ƙauyuka. Aka ce matasa sun tafi Gilasgo da Abadin neman aiki, don gonar ba ta ci da kowa. Ka ji fa. Akwai wata mata da ke tahowa tun daga Gilasgo duk ƙarshen wata, ta zauna ta taje wa uwarta kai, ta yanke mata farce, ta koma tana hawaye. Ita ce ta tambaye ni, ba da wata manufa ba, ko tawa uwar na raye, kuma wa ke kula da ita. Na ce matar yayana. Ta ce lallai na yi sa'a. Daren nan ban iya cin abinci ba.

Gaskiyarta. Uwargidanka ce ke ɗumama wa Inna ruwa, ita ke riƙa ta zuwa bayan gida, ni kuwa da aka sayar da tumaki aka koya mini jinya, hannuwana na kan iyayen wasu. Kuɗi ba ya juya tsohuwa a kan gado. Ban yarda mu da su ɗaya ba ne, don Inna na ɗakinta, jikoki na hawa kanta, maƙwabta na leƙowa. Amma abin da ya raba waɗannan da iyayensu shi ne ya raba ni da tawa, kuma ba don kai da iyalinka kun tsaya ba, da ban da bakin zagin kowa.

Na turo kuɗi. A saya wa Inna maganin hawan jini na wata uku, kada a jira sai ya ƙare, kuma a riƙa auna ta da na'urar da na aiko safe da yamma ana rubutawa a littafi. Akwai kason uwargida daban; ka ba ta a hannunta, kada ya shiga cefane, ka ce mata ba biya ba ne, godiya ce. Kada a kai wake kasuwar Lahadi yanzu, a riƙe shi har ya yi daraja. Alherin wannan aikin shi ne ba na roƙon kowa hutu: in kwangilar nan ta ƙare ba zan karɓi wata ba, in sha Allahu da ni za a yi azumi, kuma ba zan juyo ba sai an yi shuka. Ka gaya wa Kawu haka, ka ce ina neman addu'arsa. A gaida liman da mai unguwa da duk mai tambayata.

Wassalam,
Ƙaninka.